Darasi na 9: Idan Intanet Yana Yankewa Ana Tsakiyar Shiri Kai-Tsaye

Wani azumi an ɗora mini aikin yaɗa tafsiri kai-tsaye daga masallacin unguwarmu. Da hantsi na gwada komai, hoto tas, murya tas. Ana idar da La'asar malam ya zauna, alaramma ya ja aya, sai hoto ya tsaya cak, hannun malam a sama. Nan take wayata ta fara ruri: "Malam, ba ma ji fa!" Kwana uku ina zargin kwamfuta, har na kai ta wurin mai gyara, ashe ba ta da laifi. Abin da na gano daga baya shi ne darasinmu na yau.

Intanet hanya biyu gare shi, ta shigowa da ta fita. Idan kuna kallon bidiyo, ta shigowa kuke bi, kuma wayarku tana tara ɗan abin da ke gaba ta ajiye, shi ya sa ko sabis ya yi tangarɗa ba ku cika lura ba. Mai yaɗa shiri kuwa hanyar fita yake bi, wadda yawanci ta fi ƙunci, kuma hoton da yake turawa yanzu ake ɗaukarsa, babu wani na ajiye. Don haka ganin YouTube yana buɗewa da sauri ba hujja ba ce cewa shirinku zai tafi lafiya.

Ku fara da awo. Ku buɗe speedtest.net ku danna gwaji. Zai ba ku lamba biyu, ta saukewa da ta turawa, dukansu a ma'aunin Mbps. Ta turawa ce tamu. Ku auna sau uku, ku riƙe mafi ƙanƙanta. Sharaɗin da na fi jaddadawa: ku yi awon a wurin da za ku yi shirin, kuma a lokacin da za ku yi shi. Kuskurena ke nan. Da hantsi masallaci ba kowa, bayan La'asar kuwa jama'a sun cika shi har waje, kowa da waya a aljihu, duk turken sabis ɗaya suke ja.

Yanzu mu zo kan kaya. Yawancin masu yaɗawa daga kwamfuta suna amfani da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. A cikinta akwai lambar da ake kira bitiret, wato nauyin hoto da murya da kuke turawa a kowace daƙiƙa. Da kbps ake lissafa ta, kuma kbps 1,000 shi ne Mbps 1. Ku ɗauke ta kamar lodin amalanke: in ya fi ƙarfin shanun, sai kaya su riƙa zuba a hanya. Kada lodinku ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abin da awo ya nuna. In kun samu Mbps 4, ku sa bitiret tsakanin 2,000 da 2,500, girman hoto 720p, hotuna 30 a daƙiƙa. In Mbps 2 kuka samu, ku sauka zuwa 480p da bitiret 1,000 ko 1,200. Na san mutum yana son hotonsa ya fito rangaɗaɗau, amma tsohuwar da ke sauraron tafsiri daga ɗakinta murya take nema, kuma muryar ba ta buƙatar fiye da kbps 128.

A ƙasan fuskar OBS akwai inda aka rubuta "Dropped Frames", wato hotunan da suka zube a hanya, da wata alama mai launi kusa da shi. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja matsala. Idan lambar tana hawa, laifin hanya ne. Idan tana nan a sifili amma hoto na karkarwa, ko manhajar ta rubuta "Encoding overloaded", to kwamfutar ce ta gaji: ku jona mata caja, ku rufe sauran manhajoji, ku ɗaga ta daga kan tabarma ko katifa ta sha iska. Wannan bambancin kaɗai zai hana ku kashe kuɗi a banza. A saitin OBS, sashen "Advanced", akwai akwatin da ke barin manhajar ta rage bitiret da kanta in hanya ta cunkushe. Ku kunna shi. Ku tabbatar kuma na sake haɗawa da kansa yana kunne.

Tsakanin kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, kebul ya fi iska. Wi-Fi ba ya jituwa da bangon siminti, ƙofar ƙarfe da cunkoson mutane. Kebul ɗin intanet na jonawa a rauta yana iya kai mita 100 ba tare da ya rage ƙarfi ba, don haka sai ku ajiye rauta can bakin taga inda sabis ya fi kyau, ku jawo kebul zuwa teburinku. Mai raba data daga wayar hannu ya haɗa ta da kebul na USB, ya kuma yi amfani da layin da ba a kiransa, domin kira yana iya katse data. In dole sai Wi-Fi, ku matso kusa ku zaɓi na 5 GHz. Na 2.4 GHz ya fi nisan zango amma ya fi cunkoso.

Akwai kuma masu cin hanya a ɓoye. Ranar da na leƙa shafin MiFi ɗinmu, wato ƙaramar rauta mai aiki da layin waya, na tarar da wayoyi sun kai goma a kai, yaran da ke shimfiɗa tabarmi sun raba wa juna lambar sirri. Ban yi faɗa ba, na canza ta kawai. A cikin kwamfutar ma Windows na iya fara sabunta kansa, Google Drive ko OneDrive su kama tura hotuna. Ku dakatar da su kafin ku fara.

Wuta ma tana da nata. Idan aka ɗauke ta aka koma janareta, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta mutuwa saboda batir, shi ya sa mutum ba ya lura cewa rauta ta mutu, kuma sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ya wadatar da ita. MiFi kuma kada a bar shi rana na dukansa a taga, zafi yana sa shi rage gudu ko ya kashe kansa.

Ku yi lissafin data tun da wuri. Bitiret 2,500 tare da murya yana cin kusan GB 1.2 a awa. Tafsirin awa biyu na kwana 30 zai ci kimanin GB 70.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfinku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarbare a Najeriya, Ghana da wasu ƙasashe. A irin wannan rana babu saitin da zai cece ku. Shi ya sa nake danna maɓallin naɗa tare da na yaɗawa kullum, shirin ya zauna a kwamfuta, in ɗora shi da dare. Layi na biyu daga wani kamfani daban shi ma yana taimakawa a ranakun da turke ɗaya ya ƙi.

Aikin gida: ku auna gudun turawa a wuri ɗaya da safe, da La'asar, da bayan Isha'i, ku rubuta lambobin uku a littafinku. Ku ɗauki mafi ƙanƙanta ku raba biyu, ku sa amsar a matsayin bitiret. Sai ku yi shirin gwaji na minti 15 wanda ku kaɗai za ku gani, idonku a kan lambar hotunan da suka zube. Ku zo da sakamakon aji mai zuwa mu duba tare.