Yadda zaka shirya zagayen Mont Blanc a ƙafa, kana kwana masauki zuwa masauki

Abu na farko da nake so duk mai sha'awar wannan tafiya ya gane shine, kada ka auna ta da kilomita. Zagayen Mont Blanc, babban dutsen nan na tsaunukan Alps a Turai, kusan kilomita 170 ne, idan ka raba shi kwana 10 ko 11 kamar yadda yawancin mutane suke yi zaka ga kilomita 15 zuwa 17 ne a rana, sai kace ai wannan ba komai bane. Toh amma a cikin tafiyar akwai hawa na kusan mita 10,000 gaba ɗaya, da sauka kamar haka, wato kusan kullum sai ka hau mita 1,000 ka kuma sauko, kuma wannan hawa da saukar su ne zasu faɗa maka inda zaka kwana da irin kayan da zaka ɗauka da lokacin da zaka tashi da safe.

Ba hawa kan ƙololuwar Mont Blanc ɗin zakayi ba fa, shi tsayinsa ya haura mita 4,800 kuma aikin ƙwararru ne. Kai zagaye shi zakayi, ta ƙasashe uku: Faransa, Italiya da Suwizalan. Yawanci ana farawa daga Les Houches kusa da garin Chamonix, a bi ta Les Contamines, a haye mashigar Col du Bonhomme (mashiga ita ce wurin da hanya take ƙetare tsauni ta tsakanin ƙololuwa biyu), a shiga Italiya ta mashigar Col de la Seigne mai tsayin mita 2,516, a sauka Courmayeur, sannan a tsallaka Suwizalan ta Grand Col Ferret mai mita 2,537, a wuce La Fouly da Champex da Trient, a dawo Faransa ta Col de Balme. Duk ƙasashen uku suna cikin yankin Shengen, don haka mai buƙatar biza guda ɗaya ta ishe shi, amma kuɗi biyu ne, yuro a Faransa da Italiya, faran a Suwizalan.

Lokacinta daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba ne, lokacin ne masaukan kan dutse suke buɗe. A Yuni da farkon Yuli akwai sauran dusar ƙanƙara a manyan mashigai, kuma tsallaka gangare mai dusar ƙanƙara da sassafe lokacin da ta daskare abu ne mai haɗari ga wanda bai saba ba. Ƙarshen Agusta kuma ana gasar gudu ta UTMB a kan kusan wannan hanyar, Chamonix cika take maƙil. Ni a ganina farkon Satumba yafi, mutane sun ragu, sai dai sanyin safiya.

Yanzu maganar bukin, wato kama gado a masauki tun kafin ka zo, wadda gaskiya ita ce tafi ba mutane wahala. Masaukan nan ƙanana ne, gadajensu ƙididdigaggu, kuma da yawa suna buɗe bukin tun ƙarshen shekarar da ta gabata, kafin kace me wuraren da ake rububi irin su Rifugio Bonatti da Rifugio Elisabetta sun cika. Kada ka fara da sayen tikitin jirgi. Ka fara kama gado a inda masauki yayi ƙaranci, musamman wajen Les Chapieux da ke bayan Col du Bonhomme, sannan ka jera sauran kwanakin gaba da baya a kansa. Kuma duk lokacin da zaka haɗa masauki biyu a rana ɗaya ka duba mita nawa zaka hau tsakaninsu, mai matsakaicin ƙarfi da jaka a baya yana hawa mita 300 zuwa 400 a awa, sai ka ƙara lokacin tafiyar ƙasa da hutu da cin abinci. Idan lissafin ya wuce awa 8 ka raba ranar biyu ko ka nemi bas, akwai bas a kwarin Val Ferret na Italiya da tsakanin La Fouly da Champex, kuma babu abin kunya a hawansa.

Zaman masaukin yana da ƙa'idojinsa. Da ka iso zaka cire takalmin tafiya a bakin ƙofa, akwai silifas da ake ajiyewa. Kwana a ɗaki ɗaya ne da mutane da yawa, gadaje a jere, suna bada bargo da filo amma dole kazo da siririn zanen kwana mai kamar buhu wanda zaka shiga ciki, don ba kullum ake wanke barguna ba. Abincin dare wajen ƙarfe 7 ne, kowa a tebur ɗaya lokaci ɗaya, idan ka makara ka wahalar da masu aiki, shi yasa in kaga zaka yi latti ko ka fasa zuwa dan Allah ka buga musu waya, domin idan mai bukin bai iso ba hankalinsu tashi yake, suna iya zaton wani abu ya same shi a hanya. Abincin yankin akwai naman alade sosai a ciki, har a dankali da cuku, don haka tun wajen bukin ka rubuta cewa mara nama kake so, ba sai an kawo faranti ba. Wajen ƙarfe 10 an kashe wuta kowa yayi shiru. Ka taho da abin toshe kunne saboda minshari, da tsabar kuɗi don wasu wuraren kati baya aiki, da fawa bank tunda soket kaɗan ne. Ruwa da wuta a can sama da ƙyar ake samar da su, wanka na minti kaɗan ne wani wajen ma sai ka biya, kuma sharar ka kai zaka sauko da ita.

Jaka kuma, tunda ba tanti ko tukunya zaka ɗauka ba, bai kamata ta wuce kilo 8 zuwa 10 ba harda ruwan sha. Riga biyu na tafiya, ɗaya a jiki ɗaya a wanke, rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa ta gaske, hula da safar hannu ko a tsakiyar Agusta ne, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska a kan mashiga. Ka guji kayan auduga, suna riƙe gumi su sa ka sanyi da zarar ka tsaya. Baƙin tabarau da man kare fata dole ne, ranar sama tana ƙuna ko kana jin sanyi. Takalmi kuwa kada ka kuskura ka zo da sabo fil, kayi makonni kana tafiya dashi tukuna, bororo ɗaya a diddige yana iya lalata maka tafiyar gaba ɗaya. Sanduna biyu na tafiya suna ceton gwiwa, musamman ranar ƙarshe da za'a sauko daga Le Brévent zuwa Les Houches, kusan mita 1,500 a tashi ɗaya. Kuma motsa jikin da zakayi kafin tafiya ya zama hawa da saukar matakala ko tudu da jakar a bayanka, gudu a fili kawai bazai shirya cinyoyinka ba.

Ka riƙa fita da wuri. A lokacin zafi hadari yana yawan haɗuwa da rana tsaka zuwa la'asar, da tsawa da walƙiya, kuma kan mashiga babu wajen fakewa, don haka ka bar masauki wajen ƙarfe 7 da rabi ka tsallake wuri mafi tsayi kafin azahar. Kowane dare ka tambayi mai kula da masauki yanayin gobe, sun fi kowa sanin dutsen, in yace kada ka bi mashigar Fenêtre d'Arpette mai mita 2,665 saboda yanayi toh ka bi ta Bovine, ita ma zata kai ka Trient. Ka sauke taswira a waya wadda take aiki babu intanet don sabis yana ɗaukewa a wasu kwaruruka. Idan ka haɗu da garken tumaki da manyan fararen karnukan da ke gadinsu, ka rage sauri ka kewaye nesa, kada ka gudu kada ka ɗaga sanda. Lambar gaggawa 112 ce, kuma kafin ka tashi ka karanta takardar inshorarka da kyau ka tabbatar ta ƙunshi ceto a kan dutse da helikofta har tsayin da zaka kai, saboda wasu inshorar tafiye-tafiye suna yanke iyaka ƙasa da tsayin waɗannan mashigai.