Idan Mutum Ya Yanke Jiki Ya Faɗi, Kada a Yi Saurin Tayar da Shi

Wata Juma'a cikin zafin Afrilu wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwar Sabon Gari. Kafin ka ce kwabo an tallabe shi an jingina da bango, wannan na fifita, wancan na ƙoƙarin ɗura masa ruwan leda yana cewa, "Baba, daure ka sha." Niyya mai kyau, amma ban da fifitar babu abin da aka yi daidai.

Ƙasa tana jan komai zuwa gare ta, har da jinin jikinka. Da ka miƙe tsaye, kimanin rabin lita na jini kan gangara ƙafafu da ciki, sai zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke don jinin ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa. In hakan ya yi nawa, saboda ƙishirwa ko azumi ko doguwar tsayuwa a rana, sai jiri, sai duhu ya rufe ido, sai suma. Faɗuwar nan ma taimako ce, don kai ya daidaita da zuciya. Wanda ya zaunar da shi ya sake hana jinin hawa. A bar shi rigingine, a ɗora ƙafafunsa kan buhu ko benci, a sassauta wuyan riga. Ruwa kuma sai ya dawo hayyacinsa, in ba haka ba huhu zai wuce. Idan minti ɗaya ya shige bai motsa ba, a nemi mota.

Mai farfaɗiya shi ya fi shan wuya a hannunmu. Sai ka ga an tura masa cokali a baki, ƙarti sun danne shi, wasu sun ja da baya wai kada yawunsa ya taɓa su. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ba hauka ba ce, ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma kusan mutum 7 cikin 10 kan rabu da faɗuwar in sun dace da magani. Cokalin nan haƙori kawai yake karyawa. Abin yi shi ne a kawar da murhu da duwatsu, a sa masa ɗankwali ko hula ƙarƙashin kai, jijjigar na lafawa a juya shi gefe ɗaya don yawu da amai su zubo ƙasa da kansu. In ta haura minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko asibiti mafi kusa.

Haɓon hunturu ma haka: ɗaga kai sama jini yake turawa maƙogwaro. A sunkuya gaba, a matse tattausan hanci minti 10 zuwa 15.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na masu shan maganin taɓin hankali ko ciwon damuwa. Wasu magungunan, haka ma na hawan jini, sukan sa jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. Sai ka ji uwa ta ce, "Maganin nan kayar min da yaro yake yi," a jefa maganin bayan gado, bayan 'yan makonni ciwo ya dawo sabo fil. Kada a daina ba da shi da ka. A koma wa likitan, yana iya rage yawansa, ko ya mayar da shi na dare, ko ya canza wani. Kafin nan, in an kira Asuba, mai shan maganin ya fara zama bakin gado ya sauke ƙafafu, ya ɗan jima, sannan ya dafa ya tashi ya ɗauki buta.