Yadda ake nema wa budurwa bizar Birtaniya kafin a ɗaura aure

An yi baiko a Gombe, an raba goro da alawa, saurayin kuwa yana Landan riƙe da fasfon Birtaniya. Sai iyaye su fara tambaya: za ta iya bin sa tun ba a shafa Fatiha ba? Za ta iya, amma ba da bizar ziyara ba. Wadda ta shiga a matsayin baƙuwa ba a yarda ta yi aure a can ba, kuma ba za ta juya bizar ta zauna ba.

Da farko a zaɓi hanya. Dokarsu ta buɗe ƙofa biyu ga waɗanda ba su yi aure ba. Ɗaya ta masu zama irin na miji da mata ce, shekara 2 ko fiye. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, mu wuce ta. Ɗayar ita ce bizar baiko: wata 6 ake bayarwa, a cikinsu dole a yi auren, kuma ba za ta yi aikin ko sisi ba.

Sai a duba aljihun saurayi tun kafin a kashe kwabo, don a nan yawanci magana take tsayawa. Tun daga Afrilun 2024 ana so albashinsa ya kai fam 29,000 a shekara. Zai kawo takardun albashi na wata 6, da bayanan banki da ke nuna shigar kuɗin, da wasiƙar wurin aikinsa. In albashi bai kai ba, ajiya na iya cikewa, amma in ita kaɗai za a dogara da ita sai ta kai fam 88,500, ta kuma yi wata 6 a asusu. Kuɗin da kawu ya tura jiya don asusu ya yi kyan gani ba zai karɓu ba. Zai kuma nuna inda za su zauna.

Na uku, hujjar cewa sun san juna. Dole kowannensu ya cika shekara 18, kuma dole sun haɗu ido da ido. Hirar WhatsApp ko ta shekara nawa ce ba ta wadatar ba. Saboda haka in ya zo gida gaishe da iyaye, a adana komai: tikitin jirgi, shafin fasfo mai hatimin sauka a Abuja, hoton ranar sa rana da aka ɗauka a tsakar gida, su biyun suna ciki tare da manya. Na san akwai gidajen da ke jin nauyin irin wannan hoton. A daure, jami'in da zai karanta takardun bai san dangin kowa ba, abin da ya gani shi zai yi hukunci da shi. In ɗayansu ya taɓa aure, a kawo shaidar rabuwa a rubuce. Mai mata a can kuma ya sani ba a ba da biza don kai amarya ta biyu.

Na huɗu, takardun yarinya. A yi fasfo da wuri, a tabbata sunanta iri ɗaya ne ko'ina. Aishatu a takardar haihuwa, Aisha a NIN, A'isha a sakamakon makaranta: wannan ƙaramin abu kan jawo dogon jira. Za ta zauna jarrabawar Turanci matakin A1, wato matakin farko, magana da saurare kawai, a cibiyar da suka amince da ita. Sannan gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, na Abuja ko Legas. Takardar gwajin wata 6 take aiki, kada a yi gaggawar yin sa.

Daga nan a cike fom a shafin gwamnatin Birtaniya, a biya, ta je Abuja a ɗauki hotonta da zanen yatsu. Kada a bar ejan ya ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya. In an gane, za a ƙi ba da bizar, kuma tabon zai bi ta zuwa neman gaba.

In ta sauka, su garzaya ofishin rajistar aure su ba da sanarwa. Jiran aƙalla kwana 28 ne. A kula sosai: a Ingila, ɗaurin auren da liman ya yi a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar aure ba aure ba ne a idon doka. Bayan rajista sai a sake neman izinin zama na wata 30, a sake biya.

Wannan biya sau biyu shi ya sa ni dai nake ba iyaye shawara su ɗaura auren a nan Gombe, a karɓi takardar shaida, ta nemi bizar matar aure kai tsaye. Birtaniya na amincewa da auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Sharuɗɗan kuɗi da Turanci da gwaji duk suna nan, amma wata 33 za a ba ta tashin farko, kuma tana da damar yin aiki daga ranar da ta sauka.