In ƙararrawar ƙarancin baƙin mai ta kama kuka a injin kwale-kwale

Da ka ji ƙarar nan ka rage wuta ka kashe injin tukuna, kar ka ce bari in lallaɓa in kai gaɓa, inji ba mai minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone. Kafin ka kashe dai ka leƙa ko ruwan sanyaya inji na tsartuwa ta baya, don zafi ma yana sa ƙara kuma mutane na yawan rikita su.

In injinka irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, buɗe tankin man ka duba. Ya yi ƙasa, ƙara baƙin man injin kwale-kwale, irin wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. In kuwa tanki cike yake amma abin na ta ihu, to yawanci ɗan abin nan da ke yawo a saman mai cikin tanki ne ya maƙale a ƙasa saboda dauɗa, ko wayarsa ta yi tsatsa, ko tiyo ya lanƙwashe mai ba ya wucewa. Zaro ɗan abin da ke yawon a hankali ka goge, ka motsa shi sama da ƙasa da yatsa ka ga yana zamewa.

Shi kuma wanda mansa ke zaune a cikin inji, miƙar da shi tsaye, jira mintoci, zaro sandar awo ka goge ka mayar sannan ka karanta. Ka ga man ya yi fari-fari kamar madara? Ruwa ya shiga, kar ka tada shi.

Masu cire wayar ƙararrawa don su huta da ƙara kam, wallahi ganganci ne. Mai ya cika, ƙara bai daina ba, kai wa makanike ya auna ƙarfin tura man.