Tsagewar dubura da ta ƙi warkewa: magani, da yadda zaka rage fargabar tiyata

Ɗan uwa in kana shiga bayi kaji kamar reza ake ja maka, ka fito raɗaɗin ya biyo ka awa biyu uku, ga ɗan jini jawur wajen tsarki, to kar kayi saurin cewa basir ne. Mu komai na wajen nan basir muke ce masa, ni ma wata biyar nayi ina shan jiƙo kafin likita ya duba yace tsagewa ce. In ta wuce sati 6 zuwa 8 bata warke ba, ta zama tsohuwa kenan.

Akwai wata tsoka kamar zobe a cikin duburar, zafi na sa ta ɗaure tamau, in ta ɗaure jini baya isa wajen ciwon sosai, kai kuma tsoro ya sa kana matse bayan gida har ya bushe, ranar da ya fito ya sake yage wajen. Don haka aikin biyu ne, bayan gida yayi laushi, tsokar ta saki.

Fara da ciki. Ruwa sosai, zogale, alayyafo, kuɓewa, wake, gwanda, in bai isa ba a haɗa da lactulose, maganin sha mai sa bayan gida laushi. Da kaji bayan gida ka tafi, banda nishi, banda daɗewa a tsugune da waya. Kana fitowa ka zauna cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, wallahi wannan ne ya fara bani barci. Tramadol da kodin kuwa ka guje su, taurin ciki suke ƙarawa.

Sai man shafawa daga likita, GTN ko diltiazem, sau biyu a rana har sati 6 zuwa 8, kar ka daina don zafi ya lafa a sati na biyu. GTN na kawo ciwon kai, in ya dame ka a canza maka, kuma ba'a haɗa shi da Viagra don awon jini (BP) zai iya sauka sosai. Ɗan ƙullutun fatar da ke bakin tsagar dan Allah kar ka bari wanzami ya yanke, ba shi ne ciwon ba.

In duk wannan bai yi ba akwai allurar Botox mai sassauta tsokar kamar wata 3, ko tiyata, a ɗan yanka gefen tsokar kaɗan ta saki. Sama da mutum 9 cikin 10 na warkewa, yawanci ranar ake sallama. Wasu kaɗan suna samun matsalar riƙe iska, shi yasa mace da ta taɓa ƙaruwa wajen haihuwa lallai ta faɗa wa likita tun wuri.

Fargaba kuma dole ce, ga kunya. Ni ana saura kwana biyu a min tiyatar na kasa cin abinci, ƙarfe biyun dare ina karanta labaran mutane a Facebook zuciyata na dukan uku-uku. Abin da ya taimake ni, na aje wayar na rubuta tambayoyi a takarda, allurar baya za'a min ko ta barci, minti nawa, bayan gida na farko ya zai kasance. Ka faɗa wa mai allurar kai tsaye cewa kana tsoro, sun saba ji kuma suna da abin da zasu baka. In ƙirji ya fara bugawa ja numfashi ta hanci ka ƙirga 4, ka sake a hankali ka ƙirga 6, kana yi kana hasbunallahu.

Ka sanar dasu duk maganin da kake sha, musamman aspirin da na suga. Yawanci ana daina cin abinci awa 6 kafin a shiga, amma bi lokacin da suka baka. Ka tafi da wanda zai mayar da kai gida, lactulose da baho kuma su riga ka isa ɗaki, don zaka ci gaba dasu bayan aikin.