Masu shan simvastatin, a kula da haɗin magani

Jama'a, duk mai shan simvastatin don rage kitsen jini, in za a rubuta masa clarithromycin ko erythromycin (magungunan kashe ƙwayoyin cuta) ko itraconazole (maganin cutar fungus), ya sanar da likita tukuna. Waɗannan kan hana hanta sarrafa simvastatin, sai ya taru a jini har tsoka ta fara lalacewa. Yawanci akan dakatar da simvastatin har a gama waccan jinyar. Gemfibrozil kam, wani maganin rage kitsen jini, ba a haɗa shi da simvastatin sam. Mai shan amlodipine (maganin hawan jini) kuma, kada ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana.

In cinyoyi ko kafaɗu suka kama ciwo da kasala, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, a daina shan simvastatin, a je asibiti a ranar don gwajin CK (gwajin jini da ke nuna lalacewar tsoka) da na ƙoda. Abin da tsokar ke saki cikin jini yana iya kashe ƙoda.