Darasi na Bakwai: Sayen Kwamfutar Tafi-da-gidanka ta Hannu Idan Kuɗi Kaɗan Ne

Kafin ku je wurin mai sayarwa, ku rubuta a takarda aikin da kuke so kwamfutar ta yi muku. Idan bukatarku ita ce rubuta wasiƙu, ajiye lissafin ciniki, karatu a intanet da kallon darussa, ba ku bukatar na'ura mai tsada, domin kwamfutar ofis da ta yi shekara biyar ko shida tana iya wannan duka. Mai tace bidiyo ko zanen gine-gine bukatarsa daban ce, kuma wannan darasi bai shafe shi ba. Daga kuɗin da kuka tara, ku ware wani kaso ku ajiye, saboda kayan hannu sukan nemi sabon batir ko caja tun a watannin farko.

Abin da ya fi ruɗar masu saye shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da dukkan aikin na'ura. Mai sayarwa zai nuna muku tambarin da ke manne kusa da madannai ya ce wannan Core i7 ce, kamar dai magana ta ƙare ke nan. Sunan i3, i5 ko i7 matsayi ne kawai a cikin zubi guda, kuma kamfanin Intel ya fitar da zubi da yawa a shekaru daban-daban. Shekarun na'urar suna cikin lambobin da ke bin sunan. A lamba irin i7-4600U, 4 na farko yana nufin zubi na huɗu, wanda ya fito a 2013. A lamba irin i5-8250U kuwa, 8 yana nufin zubi na takwas, na 2017, kuma wannan i5 ta fi waccan i7 sauri nesa ba kusa ba, domin tana da injina huɗu a cikinta, waccan kuwa biyu gare ta. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa, don haka i5-1135G7 zubi na sha ɗaya ce. Kada ku dogara da tambarin da aka manna, tunda ana iya ɓare shi a sa wani. Ku kunna kwamfutar, ku shiga wurin saiti, ku buɗe shafin bayanin na'ura, ku karanta lambar da idonku.

Dalilin da ya sa nake jaddada zubi na takwas shi ne, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 galibi tana karɓar Intel daga zubi na takwas ne zuwa sama, ko firosesar Ryzen ta kamfanin AMD daga jerin 3000 a kwamfutocin tafi-da-gidanka. Kwamfutar da ta gaza haka za ta ci gaba da kunnuwa, amma ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi za su zauna a buɗe ba mai toshe su, wanda hakan babban haɗari ne ga mai shiga asusun banki. Idan kuɗinku bai kai ba sai tsohuwa, ku nemi a sa muku Linux Mint, manhaja ce ta kyauta wadda ke tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, sai dai za ku ɗan koyi sabon hannu.

Bayan firosesa sai RAM da ma'ajiya. RAM kamar faɗin teburin aiki take, kuma a yau gigabait 8 ne mafi ƙanƙantar abin da zan ba ku shawara a kai. Ku tambaya ko ana iya ƙara ta, domin a wasu siraran kwamfutoci an narka ta a jikin allon ciki. Ma'ajiya kuwa iri biyu ce: HDD mai faifan da ke juyawa, da SSD wadda babu abin da ke motsi a cikinta. SSD mai gigabait 256 ta fi HDD mai gigabait 1,000 amfani ga yawancin mutane, saboda da ita kwamfuta kan tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Irin kwamfutocin da aka ƙera don ofisoshi, kamar ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell da EliteBook ta HP, sun fi jure wahala, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu.

Ranar saye ku nemi aƙalla rabin sa'a tare da na'urar, kuma wanda ya hana ku wannan lokaci, ku bar masa kayansa. Ku cire caja ku ga yadda batir ke sauka. A Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da lambobi biyu, ƙarfin batirin yana sabo da kuma abin da yake iya riƙewa yanzu, idan na biyun rabin na farko ne, to ku sa kuɗin sabon batir cikin ciniki. Idan kun ga wurin shafa yatsa ya tasa sama ko gindin kwamfutar ya kumbura, batirin ne ya kumbura, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta. Ku buɗe farin shafi ku duba allo ko akwai ɗigo ko layi, ku danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ku buɗe murfin ku rufe sau da yawa don ku ji ko mahaɗinsa ya saki, sannan ku gwada ramukan USB, kamara, sifika da Wi-Fi. Ku kunna bidiyo na minti goma kuna sauraren fanka, domin zafi mai yawa ko mutuwa ba zato alama ce ta ciwon da ke ciki. Ƙarzuwa a bayan murfi ba ta hana aiki, hasali ma tana ba ku hujjar neman ragi.

Akwai abin da nake roƙon kada ku yi sakaci da shi. Ku kashe kwamfutar gaba ɗaya ku sake kunnawa a gaban mai sayarwa, ku tabbata ba ta neman lambar sirrin wani, ko a matakin farko da ake kira BIOS, ko asusun tsohon mai ita idan ta Apple ce. Na'urar da aka kulle haka tana iya zama ta sata, kuma buɗe ta yana da wuya ƙwarai. Ku karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, sunan mai sayarwa, lambar siriyal da ke gindin kwamfutar, da adadin kwanakin da aka yarda za ku iya dawo da ita.

Aikin aji: ga lambobi uku, i7-6600U, i5-8350U da i3-1115G4. Kowa ya rubuta zubin kowace ɗaya a littafinsa, sannan ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda za su karɓi Windows 11.